Ganau da Jiyau

'Yan'uwana 'yan makaranta, kun san a kowace shekara a kan ɗora wa 'yan ajin ƙarshe aikin bincike. Kowa ya zaɓi abin da zai yi nazari a kansa, ya rubuta kundi, ya miƙa wa malaminsa tun ba a sallame shi ba. Bana abin ya zo kanmu. Ni nawa a kan adabin Hausa ne, na kuwa gama tattara kayan aikina, saura rubutu. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin yadda neman kayan nan ya kasance, ko ya yi wa na bayanmu amfani, gama baɗi war haka su ne a wannan matsayi.

Abu na farko da malaminmu ya koya mana shi ne, abubuwan da mai bincike ya ke dogara da su iri biyu ne. Akwai na farko, watau ainihin abin da ake magana a kansa: littafin da marubuci ya rubuta, ko waƙar da mawaƙi ya rera, ko wasiƙa, ko jaridar zamanin, ko bakin wanda aka yi abin a gabansa. Akwai kuma na biyu, watau abin da waɗansu suka rubuta daga baya game da na farkon: sharhi, da tarihin adabi, da kundayen waɗanda suka riga mu. Turawa suna da sunayen da su ke kiran waɗannan biyu, amma Bahaushe ya raɗa musu nasa tun tuni. Na farko ganau, na biyu jiyau. Da waɗannan sunaye zan riƙa kiransu har ƙarshen maganata. Abin da na ke so in nuna kuwa guda ɗaya ne. Kowannensu yana da aikinsa, amma ba a yanke wa littafi hukunci sai an zauna da ganau.

Littafin da na zaɓa shi ne Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. Na fara karanta shi tun ina firamare a makarantar mishan ta garinmu, inda hedimasta ya kan fito da shi daga kabad ran Juma'a da rana, a karanta labari ɗaya kafin a tashi. Da na zo kwalejin nan sai na tarar da magana biyu a kansa, kowace da masu goyon bayanta. Waɗansu suna cewa ai Imam bai yi kome ba sai kwasar labarun Alfu Laila da na Turawa, ya mai da su Hausa. Waɗansu kuwa suna cewa ƙarya ake yi masa, duk abin da ke cikin littafin daga kansa ya fito. In ka tambayi na farko wane labari ne aka ɗauko daga wane littafi, sai ya ce haka ya ji wani malami ya faɗa. In ka tambayi na biyu ko ya taɓa buɗe Alfu Laila ya gwada, sai ya ce ba shi da bukata.

Kada ku ɗauki gardamar nan wasa. Mu malamai za mu zama. Nan da 'yan watanni kowannenmu zai tsaya gaban yara arba'in ko hamsin, abin da ya faɗa musu kuwa shi za su riƙe har su tsufa. Imam ya rasu tun 1981, ba shi da bakin da zai kāre kansa. Idan na gaya wa yara ɓarawon labari ne alhali ban bincika ba, na ci zarafin mutum a bayan idonsa. Idan kuwa na gaya musu bai ari kome daga kowa ba, na koya musu abin da ba haka ya ke ba. Saboda haka na ce bari in sa aikina a kan wannan.

Da na kai wa malamina, na ce, "Malam, ina so in bincika inda Imam ya samo labarunsa."

Ya dube ni ya ce, "Duka? Littafi uku ne fa, kai kuwa wata huɗu gare ka. Ɗauki abin da hannunka zai iya riƙewa."

Muka zauna muka rage tambayar har ta koma ƙarama: babban labarin da ya ɗaure littafi na ɗaya, watau na aku da ɗan sarki, ina ya yi kama da na waɗansu ƙasashe, ina kuma ya rabu da su? Rage tambayar nan shi ne rabin aikin, gama tambaya ita ce ke gaya maka wane ganau za ka nema. Wanda bai tsai da tambayarsa ba, ko ɗakin karatu nawa ya shiga, kome ya gani sai ya ɗauka, ya fito da tulin takardu ya rasa ta inda zai fara.

Ganau na farko a gare ni shi ne littafin da kansa. Wannan kamar ba ya bukatar faɗi, amma ya kamata a faɗa, domin a zamanin nan mutum ya kan rubuta shafi ashirin a kan littafin da bai karanta ba. Akwai 'yan littattafan nan na taƙaitawa da ake sayarwa don cin jarrabawa. Waɗannan jiyau ne, jiyau mai gaggawa kuwa. Akwai kuma wanda wani ya buga da hannunsa ya ke yawo a cikin wayoyi. Ba ka san wanda ya buga ba, ba ka san abin da ya tsallake ba, sau da yawa ba ƙugiya a kan baƙaƙe, ba lambar shafi. Yana da daɗin karantawa a mota, amma ba a kafa hujja da shi. Na sami bugaggen littafi na ɗaya da na uku a laburarenmu, na biyu kuwa na saya a kantin littattafai. Kafin in karanta ko layi ɗaya, na rubuta sunan kamfanin da ya buga, da garin, da shekarar bugun, domin littafin da aka yi ta sake bugawa lambar shafinsa ta kan bambanta, mai duba aikinka kuwa dole ya iya zuwa inda ka nuna ya tarar da abin da ka ce.

Na karanta littafi na ɗaya sau biyu. Na farko don in ji labari, na biyu da alƙalami a hannu. Na sami littafin rubutu sabo, shafin hagu na abin da littafi ya faɗa tare da lambar shafinsa, shafin dama na abin da ni na ke gani. Raba su haka yana da amfani ƙwarai, gama bayan wata biyu mutum ba ya iya tuna wace magana ce tasa, wace ce ta marubuci.

Ga abin da ganau ya nuna mini a taƙaice. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana ƙulla makircin hallaka yaron, in dai ya fita daga gidan sarki. Musa kuwa ransa yana wajen yaƙi, kullum ya yi shiri ya zo neman iznin aku, sai aku ya ɗauke hankalinsa da labari har lokacin fita ya wuce. Haka aka yi ta yi har sarki ya komo, asirin Waziri ya tonu, aka ba aku sarautar Waziri.

Sai da na riƙe wannan sosai sa'an nan na nufi jiyau. Littattafai biyu na fara da su: Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fito a 1988, da kuma wanda Graham Furniss ya rubuta da Turanci a 1996 a kan waƙoƙi da zube da al'adun Hausawa. Daga irin waɗannan ne mutum ya ke samun tarihin da littafin da kansa ba zai ba shi ba. An kafa Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East. A 1933 aka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da littattafai 5: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. An haifi Imam a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, wadda ita ma ta horar da malamai ce, yana kuma koyarwa a Midil ta Katsina sa'ad da aka yi gasar. Ku lissafa ku gani, shekarunsa 22 ke nan, tsaran yawancinmu. A 1936 aka kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, aka buga littattafan uku tsakanin 1937 da 1939. A watan Janairu na 1939 aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne kuwa editanta na Hausa na farko.

Kun ga ke nan jiyau ba abin rainawa ba ne. In ba don shi ba, da sai in yi shekara ina lalube. Babban amfaninsa ma yana shafukan baya, inda marubuci ya jera littattafan da ya duba. Yawancinmu ba mu kan kai nan ba, alhali nan ne hanya ta ke. Ka karanta littafi ɗaya mai kyau, ka bi sawunsa, ya kai ka ga biyar, kowane ɗaya cikin biyar ɗin kuma ya kai ka ga waɗansu. Ta bin sawu haka na san akwai wata maƙala da East ya rubuta a 1936 a mujallar Africa ta Landan game da gasar nan, na san akwai tarihin rayuwar Imam daga bakinsa wanda Abdurrahman Mora ya shirya aka buga a 1989, na kuma san malamai irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun yi rubuce-rubuce a kan asalin labarun Imam.

Amma fa kowane jiyau sai an yi masa tambaya uku. Wane ne shi? Yaushe ya yi magana? Daga wa ya ji? Ta ƙarshen nan ta fi sauran nauyi. Ka kan tarar da kundaye uku sun faɗi magana ɗaya, ka ce to, shaidu uku sun haɗu. In ka bi sawu sai ka ga na uku ya kwafa daga na biyu, na biyu ya kwafa daga na farko. Shaida ɗaya ke nan, ba uku ba. Wani lokaci kuma sai ka ga sun saɓa. Littattafan gasar nan, wani ya sa musu 1933, wani 1934, wani 1935. Wanda ya natsu zai lura shekarar da aka yi gasa dabam, shekarar da littafi ya fito daga maɗaba'a dabam. Sai ka tsaya ka ga wace ce kowanne ya ke nufi, ka kuma faɗi wadda kai ka ke nufi a naka aikin.

Wani abu da na koya a nan shi ne, takarda ɗaya ta kan zama ganau ga wani, ta zama jiyau ga wani. Ku ɗauki maƙalar East. In tambayarka a kan abin da ke cikin Ruwan Bagaja ce, to, East mai sharhi ne kawai, jiyau ne kamar kowa, littafin shi ne ganau. In kuwa tambayarka a kan yadda aka shirya gasar ce, da abin da Turawan ilmi na zamanin su ke so Hausawa su rubuta, to, East ganau ne, gama da hannunsa aka yi abin. Ba tsufan takarda ke mai da ita ganau ba. Tambayarka ce ke zaunar da kowa a mazauninsa.

Har ila yau, ganau ma daga gefe ɗaya ya ke tsaye. East shi ya shirya gasar, shi ya gyara littattafan, yana kuma da hannu a rubuta ɗaya daga cikinsu. Mutum kuwa in yana ba da labarin aikinsa, sai a saurara da kunnen basira. Shi ma tarihin Imam, mutum ne ya ke tuna abin da ya faru shekaru da yawa baya, littafin kuma ya fito shekara 8 bayan rasuwarsa, ta hannun mai shiryawa. Wannan bai rage musu daraja ba. Abin nufi shi ne ka san wurin da mai shaida ya tsaya sa'ad da ya ga abin da ya gani.

To, me Imam ya faɗa da bakinsa? Ya ce East ya tara masa littattafan labaru na Turawa da na Larabawa don su zama masa kayan aiki, ya kuwa zauna a Zariya wajen wata shida yana rubutu. Da jin wannan, maganar masu cewa bai ari kome ba ta faɗi, gama mai littafin da kansa ya ce ya ara. Maganar sata ita ma ta yi rauni, domin ɓarawo ba ya nuna ƙofar da ya shiga. Sauran tambaya ita ce, me ya yi da abin da ya ara? Wannan kuwa ba jiyau ɗin da zai amsa mini ita. Dole in ajiye littafi kusa da littafi in duba da idona.

Masu nazari sun nuna cewa labarin aku mai tsare mutum da hira tsohon labari ne a ƙasar Indiya. Akwai littafin Sanskirit mai suna Shukasaptati, watau labarun aku saba'in. An kuma yi irinsa da Farisanci, Tutinama, wanda Nakhshabi ya rubuta wajen 1330, mai labaru 52. Ni ba na jin Sanskirit ko Farisanci, amma wani Bature mai suna Wortham ya zaɓi waɗansu daga cikin labarun Shukasaptati ya fassara su da Turanci, aka buga a Landan a 1911. Tsofaffin littattafai irin wannan an ɗauki hoton shafukansu an sa a intanet, mai kula da laburarenmu kuwa, Allah ya saka masa da alheri, ya taimake ni muka samo shi. Hoton shafi ya fi abin da wani ya buga da hannu, gama kana ganin bangon littafin da shekararsa da lambar kowane shafi. Duk da haka na rubuta a kundina cewa wannan ganau ta bakin tafinta na ji shi, kuma zaɓaɓɓun labaru ne, ba littafin duka ba. Mai karatu yana da hakkin ya san haka.

A littafin Indiya, wani ɗan fatake ne ya yi tafiya ya bar matarsa da aku. Kowane maraice matar ta yi ado za ta fita wajen wani namiji, sai aku ya tsai da ita da labari, har mijin ya komo aurensu bai ɓaci ba. Ku gwada da na Imam. Ƙashin labarin ɗaya ne: maigida ba ya nan, wanda aka bari yana so ya fita zuwa ga abin da zai cuce shi, tsuntsu ya tsare shi da baki. Amma duk sauran ya sake. Matar aure ta koma ɗan sarki. Fita wajen kwarto ta koma fita wajen yaƙi, watau abin kunya ya koma ƙuruciya da son nuna jaruntaka. Abin da ake tsoron rasawa a can amanar aure ce, a nan kuwa ran magaji ne da gadon sarauta. An shigo da Waziri maci amana, da fada, da bayi, da dawaki, abubuwan da yaron ƙasar Hausa ya sani. Labaru da yawa karin magana ne sunansu. A ƙarshe kuma aku ya sami sarauta da bakinsa, abin da ya dace da sunan littafin. Wanda ya yi wannan ba mai kwafa ba ne. Ya ari tubali, amma ginin nasa ne, ya kuwa yi shi daidai da yaran da za su karanta a aji.

Malamina ya ja mini kunne a kan kalmomin da zan yi amfani da su wajen rubuta wannan. Ya ce "ya yi kama da" magana ce dabam, "ya ɗauka daga" magana ce dabam. Ta farko idonka ya isa ya tabbatar da ita. Ta biyu sai da shaidar cewa littafin ya shiga hannun marubuci. Ya ba ni misali da Labarin Sarkin Busa, wanda ya yi kama da labarin mai busa na garin Hamelin a ƙasar Jamus. Labarin Hamelin yana cikin littafin da 'yan'uwan nan biyu, Grimm, suka fitar a 1816, yana cikin waƙar Robert Browning ta 1842, yana kuma cikin littattafan karatun yara da yawa na Ingila. Wanda ya ce daga wannan ne aka ɗauka, ba daga wancan ba, sai ya kawo hujja. In ba shi da ita, ya faɗi kamar da ya gani, ya tsaya inda shaidarsa ta tsaya.

Akwai wani ganau da ba a samunsa a kan kanta, shi ne mutum mai rai. Na so in san yadda aka karɓi littafin a makarantu, saboda haka da hutu na je wajen wani tsohon hedimasta a garinmu, wanda ya yi firamare tun kafin 1960. Na aika tukuna aka nema mini izni, na tafi da 'yar tsaraba, na durƙusa na gaishe shi. Kafin in kunna abin ɗaukar magana na tambaye shi ko ya yarda, na kuma rubuta rana da wuri.

Na ce, "Baba, yaya kuka karanta Magana Jari Ce a zamaninku?"

Ya ce, "Ɗana, mu uku mu ke haɗuwa a kan littafi ɗaya. Malam ya sa ɗaya ya tashi ya karanta da ƙarfi, sauran suna bi da yatsa. Mu da ba Hausa ce harshen gidanmu ba, a nan muka koyi karin magana. In mun koma gida da dare, mu ne masu ba ƙannenmu labarin aku."

Na ce, "Baba, shi Imam ɗin fa, wane irin mutum ne?"

Ya yi dariya ya ce, "A'a, nan kam ka wuce gonata. Ban taɓa ganinsa ba. Abin da na sani game da shi, ji na yi."

Tsohon nan bai taɓa rubuta kundin bincike ba, amma ya san iyakar shaidarsa. A kan ajinsu shi ganau ne, a kan Imam shi jiyau ne, ya kuwa raba su da kansa. Ina roƙon duk wanda aikinsa ya shafi irin waɗannan dattawa ya hanzarta. Littafi yana jiranka a laburare har baɗi, amma su kullum raguwa su ke yi.

Mu da kwalejinmu ta ke nesa da Zariya da Kano, tilas mu san inda abubuwa su ke kafin mu ɓata kuɗin mota. Takardun ofisoshin gwamnatin Arewa na zamanin Turawa suna gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. A Kaduna kuma akwai Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna don nazarin tarihi. A Zariya akwai laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello. Mai neman maƙalu ya nemi mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. Wanda zai je ɗaya daga cikin wuraren nan ya karɓi takardar gabatarwa daga shugaban sashensa, ya kuma rubuta sunan abin da ya ke nema da shekararsa tun daga gida. Ni tambayata ƙarama ce, littattafan da ke kan teburina sun ishe ta. Amma abokina da ke nazarin wasiƙun masu karatu a Gaskiya Ta Fi Kwabo, ba makawa sai ya je inda tsofaffin jaridun su ke, gama su ne ganau ɗinsa.

Wata 'yar ajinmu kuma tatsuniyoyi ta ɗauka. Ta samo Magana Hausa na J. F. Schön, na 1885, wanda ya ƙunshi abin da ya ji daga bakin Dorugu, da littattafai uku na Frank Edgar da suka fito tsakanin 1911 da 1913. Na Edgar malamai ne suka rubuta da ajami, shi ya mai da su boko. Kun ga tatsuniya ta bi ta baki, ta bi ta alƙalamin malami, ta bi ta hannun Bature kafin ta iso gare mu. Saboda haka ta je wajen kakarta ta ɗauki waɗansu daga bakinta, don ta gwada na takarda da na dandali. Aikinta ya bambanta da nawa, amma hanyar ɗaya ce.

Bari in ƙara kalma ɗaya a kan na'urorin nan na zamani da ake yi wa tambaya a waya ko kwamfuta su ba da amsa nan take. Su ma jiyau ne, sai dai ba kullum su ke faɗin wanda suka ji daga gare shi ba. Su kan ma ambaci littafin da ba a taɓa rubutawa ba, da sunan marubuci da shekara, kamar gaske. Duk sunan littafin da suka ba ka, kada ya shiga kundinka sai ka riƙe shi a hannu, ko ka ga shafukansa da idonka.

'Yan'uwa, kundin nan da mu ke rubutawa watakila mutum uku ne kaɗai za su karanta shi, a ba mu maki, a ajiye shi a kan kanta. Amma halin da muka koya wajen yinsa zai bi mu aji. Ran da yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai gaskiya ne Imam kwafa ya yi?" zan iya ce masa ya ari labarin aku daga nesa, ya faɗi haka da bakinsa game da littattafan da aka ba shi, ga kuma abin da ya sake, buɗe shafi kaza ka gani. Zan kuma iya gaya masa wane ɓangare ne na gani da idona, wane ne na ji daga malamai. Yaron da ya saba jin malaminsa yana raba waɗannan biyu, shi ma zai koyi raba su, a karatu da kuma maganar duniya.

Saboda haka shawarata ga na bayanmu ita ce, ku tsai da tambaya ƙarama. Ku karanta littafin da kansa tukuna. Ku nemi jiyau ya nuna muku hanya, ku tambaye shi daga wa ya ji. Ku rubuta shekara da shafi tun a ranar farko. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Allah ya ba mu sa'ar gamawa lafiya, ya sa mu zama malamai masu riƙon gaskiya.